Maki ya zube, jiki ya mutu: darussan da na koya

Duk ɗalibin da sakamako ya fito ya ga makinsa ya zube, shawara ɗaya ce yake sha daga ko'ina: ka dage, ka rage barci, ka ƙara awannin karatu. Wannan shawarar tana da kyau ga rago, amma ga wanda ya riga ya ƙosa wallahi ƙara masa ciwo take yi, don shi fa zama yake gaban littafi tun yamma har tsakar dare, ido na kan shafi ɗaya, ya maimaita layi ya sake maimaitawa bai san me ya karanta ba, ya tashi da ciwon kai da haushin kansa, gobe ma haka. A shekarar da CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk samistocin da na yi, ya yi ƙasa halin da nake ciki ke nan.

Ƙosawa daban, lalaci daban. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa in ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma kawo alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranka har ka fara jin haushinsa, sannan abin da kake iya yi ya ragu. Ma'aikata suke nufi, amma ɗalibi da yawa zai ga kansa a ciki. Ta biyun nan ta fi ba ni tsoro, kwas ɗin da da bakinka ka zaɓa yanzu ko sunan lakcaran aka ambata sai gabanka ya faɗi.

Abin da ya fara kwantar min da hankali lissafi ne, ba wa'azi ba. CGPA matsakaici ne da ake aunawa da nauyin yunit, wato adadin da ake ba kowane kwas gwargwadon girmansa, shi ya sa yake da taurin kai. A ce ka yi yunit 60 kana kan 2.0, ko ka zo ka ci 4.0 cif a yunit 60 na gaba, 3.0 za ka tsaya. Da farko abin da ɗaci, amma yana cire maka wani mugun buri, wato tunanin samista ɗaya za ta goge komai. Ba za ta goge ba. Sai na daina leƙa jimillar, na koma kallon makin samistar da nake ciki kawai, na kuma fi ba kwasa-kwasan da ke da yunit mai yawa lokaci tunda su ke jan ma'aunin. Kuma don Allah a karanta dokar makaranta a kan maimaita kwas, wasu sabon maki ne ke maye gurbin tsoho, wasu kuma duka biyun suke lissafawa, bambancin ba ƙarami ba ne. Na je wajen malamin da ke ba mu shawara kan rajista, muka rage yunit ɗin da zan ɗauka. Abokai na ta cewa zan makara, eh na ji, amma kwas kaɗan da aka ci ya fi tuli da za a dawo a maimaita.

Sai salon karatun kansa. Yawancinmu abin da muke kira karatu shi ne maimaita duba takarda da ja wa layi alƙalami mai launi, kana gani kana cewa ai na san wannan, ranar jarrabawa kuma kai ya zama fanko. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyon abu, kuma bita a rarrabe ta fi haɗa komai a zama ɗaya. A 2006 wasu masu bincike, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai, waɗanda aka sa su rufe rubutu su tuno abin da suka karanta sun fi masu sake karantawa riƙewa bayan mako guda. To haka na koma yi: in karanta kaɗan, in kife littafin, in ɗauki farar takarda in rubuta abin da ya zauna, inda na kasa nan ne aikin gobe. Akwai wahala kam, yana tona asiri, amma awa biyu a haka ta fi min kwana a laburare.

Barci kuwa ban ƙara rage shi ba. Baligi na buƙatar awa 7 ko fiye, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, wanda ya kwana bai runtsa ba kan jarrabawa da hannunsa yake zubar da abin da ya tara.

Wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba: in an rage kaya, an samu barci, an yi hutu, amma har yanzu komai ba ya maka daɗi, ba karatun kaɗai ba, har abinci da hira da mutane, kuma abin ya kai mako biyu ko fiye, to wannan ya wuce maganar jadawalin karatu, yana iya zama ciwon damuwa, likita ko sashen ba da shawara na makaranta ya kamata a nufa.