Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Littafin Kuɗin Ƙungiya

Goggo, Allah ya jiƙanta, takan ce: "Wanda ba shi da dukiya, abin da hannunsa ya iya shi ne zakkarsa." Da wannan maganar ta tura ni ƙungiyar matan unguwarmu, ni kuwa ba don raina yana so na je ba. Na gaji da lissafi a ofis, sannan ranar Asabar ma in koma kan lissafi, kyauta?

Lokacin Kaduna ba ta gama farfaɗowa daga rikicin 2000 ba, sai ga masaƙar KTL ta Kakuri ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta bi baya a 2007. Magidanta sun zauna a gida, wasu sun rasu sun bar mata da marayu. Ƙungiyar tana tara taimako tana rabawa, daga Tudun Wada har Rigasa, kuma ban taɓa cewa akwai ɓarauniya a cikinsu ba. Amma ranar da na ce a kawo min littafin shiga da fita, baƙar leda ma'aji ta ɗauko daga ƙarƙashin katifa. Rasit ne a ciki duk sun yi mai, da kwalin sabulu an rubuta a bayansa "buhu uku, gidan mai rasuwa". Wace mai rasuwa? Kowa ta kalli 'yar'uwarta.

Ni da na yi karatun akanta a Kaduna Polytechnic, na zauna a tabarma ina jera takardun wata-wata, ina danne su da duwatsu saboda iska. Na buɗe littafi, na ce daga yau ko naira goma za ta fita sai da sa hannun mutum biyu. Nan aka fara yi min kallon baƙuwa. Hajiya shugaba ta ce, "Ke 'yar nan, aikin Allah muke yi, ba banki muka buɗe ba." Na ce, "Hajiya, kuɗin marayu ne, gara mu ƙirga a nan kafin a ƙirga mana a can." Ba ta sake amsa gaisuwata da fara'a ba.

Baban yara ma bai so ba da farko. Ya ce aikin da ba albashi, ga tuwon dare yana makara. Goggo ce ta kira shi ɗaki, ban san me ta faɗa masa ba, amma shi ya riƙa kai ni a Vespa daga baya.

Rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, wata lauya ce ta yi mana, ita ma ko sisi ba ta karɓa ba. Ita ta rubuta tsarin mulki, ta sa aka buga sunayen amintattu a jarida, aka jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Wata nas kuma takan zo da abin awon jini ta duba tsofaffi. Mu ukun nan ba mu taɓa tambayar ko kuɗin mota ba.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne ranar da masu ba da tallafi suka zo. Littafina suka buɗe, shafi-shafi, suka ce ba su ga ƙungiyar unguwa mai tsabtar lissafi irin wannan ba. Da aka zo gabatarwa, Hajiya ta nuna ni da baki ta ce, "Wannan yarinyar ce take taya mu rubuce-rubuce." Yarinya! Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Na dawo gida na faɗa wa Goggo, tana tsintar wake ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "To wa ya taɓa ba da zakka ya tsaya jiran tafi?" Gaskiyarta, amma na ji zafi, kuma shekaran jiya da na ga hoton taron a gidan ƙanwata, rabin kafaɗata kawai ya fito.

Maganar injinan markaɗe da aka saya da kuɗin tallafin, da yadda biyu suka ɓace tsakanin kasuwa da ofis, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.