Littafin bashin Yaya ya shiga kwamfuta: inda na kai a wata na bakwai

'Yan uwa masu koyon kodin, barkanmu da ƙoƙari. Yau wata bakwai ke nan da na fara, amma in gaskiya za a bi, huɗu ne kawai na koyo. Ukun farko yawo na yi. Na fara da C++ saboda wani ya ce sai da shi ake zama gwani, na yi mako biyu na gudu. Na koma JavaScript, ina cikin yi sai na ga bidiyon wani yana haɗa manhajar waya da Flutter, na saki wancan na kama Dart. A ƙarshen wata na uku na iya rubuta gaisuwa a allon kwamfuta da yare uku, ban kuma iya yin komai da ko ɗaya ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Abin da ya zaunar da ni wuri ɗaya littafin bashin shagon yayana ne. Kayan masarufi yake sayarwa, shinkafa da taliya da sukari da man girki, kuma kusan rabin cinikinsa bashi ne ga masu ƙananan tireda na unguwa. Littafin nan mai baƙin bango ya sha hannu har gefensa ya yi laushi. Duk ƙarshen wata sai mu zauna bayan Isha, ni da kalkuleta shi da biro, muna bin shafi ɗaya-ɗaya don gano nawa ake bin kowa. Wani dare da lissafi ya ƙi daidaita har sau uku na ce masa, "Yaya, ka bar ni in gwada saka wannan a kwamfuta." Ya ce, "Kai da kake kallon bidiyo tun azumi? To bismilla."

Python na ɗauka, ban kuma yi dogon nazari ba. Rubutunsa ya fi sauƙin karantawa a idona, kuma yana tafiya a tsohuwar kwamfutata mai RAM 4GB ba tare da ta yi nishi ba. Android Studio kuwa, manhajar haɗa manhajojin waya da na taɓa saukewa lokacin yawona, buɗe shi kawai sai in ɗora shayi in dawo. Gargaɗi ɗaya ga wanda zai bi ta nan: akwai tsofaffin bidiyoyi da yawa na Python 2, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. In ka ga malami ya rubuta print ba tare da baka biyu ba, rufe bidiyon ka nemi wani, don a Python 3 layin ba zai tafi ba.

Mako biyu na yi kafin shirin ya iya karɓar suna da kuɗi ya tara. Na kai wa Yaya shago da rana, ina ta ɗoki. Ya ce in saka wata mai tireda da ta karɓi kayan 5000 ranar Litinin, ta ƙara na 3000 ranar Laraba. Na saka. Allo ya nuna ana bin ta 50003000. Yaya ya gyara tabarau, ya leƙa, ya ce, "Miliyan hamsin? Ai da shagon gaba ɗaya na ba ta bai kai haka ba." Yaran shago suka bushe da dariya. Da dare na gano abin: duk abin da input ya karɓa daga hannun mutum rubutu ne a wurin Python, ko da lambobi ne, kuma alamar tarawa tsakanin rubutu biyu manna su take yi. Sai an bi da shi ta int ya zama adadi. Na ji wannan bayani a bidiyo ya fi sau biyar. Sai da aka yi mini dariya a gaban masu saye ya zauna a kaina.

Kusa da wannan akwai batun ɗigo. Rubuta 0.1 + 0.2 a Python ka gani, amsar da zai ba ka 0.30000000000000004 ce, domin kwamfuta da tsarin sifili da ɗaya take ajiye irin waɗannan lambobi, kuma ba dukansu ke shiga daidai ba. Shi ya sa ake cewa kar a ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo. Wasu na mayar da komai kwabo. Mu dai ba wanda ya ga kwabo a shagon nan shekara da shekaru, don haka cikakkiyar naira nake ajiyewa, magana ta ƙare.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin haruffanmu masu lanƙwasa, kuma a nan ne babu bidiyon da ya taimake ni, don masu yin su ba su da ɓ da ɗ da ƙ a yarensu. Ranar da na fara ajiye sunaye cikin fayil, komai na tafiya har na zo kan wani suna mai farawa da Ɗan. Sai shirin ya tsaya cak, ya zubo jan rubutu mai ƙarewa da UnicodeEncodeError. Na kwana biyu ina zargin kibod ɗina. Ashe a Windows, in ka buɗe fayil ba ka faɗi tsarin haruffa ba, Python na iya ɗaukar tsohon tsarin nan cp1252 na yarukan Yammacin Turai, wanda bai san da ɗ ba sam. Maganin kalma biyu ne, ka ƙara encoding="utf-8" wurin buɗe fayil. Na yi, ya wuce. Sai kuma na buɗe fayil ɗin CSV, wato teburin bayanai da aka ajiye a matsayin rubutu zalla, a Excel don in nuna wa Yaya, na tarar ƙuli-ƙuli ya koma Æ™uli-Æ™uli, Ɗanladi ya zama ÆŠanladi. Dalili shi ne UTF-8 na ajiye ƙ da bayit biyu, Excel kuma ya karanta kowanne a matsayin harafi daban. Da na sauya zuwa utf-8-sig, wanda ke saka wata 'yar alama a farkon fayil da Excel ke ganewa, sai haruffa suka dawo hayyacinsu.

Ban gama murna ba jeri ya kawo nasa. Na ce a jero sunaye daga A, sai duk masu Ɗ da Ƙ suka koma can ƙasa bayan Z. Python ba abacada yake bi ba, lambar kowane harafi a Unicode, tsarin da ya ba haruffan duniya lambobi, yake dubawa: Z lamba 90 ce, Ɗ kuwa 394, Ƙ 408. Dole na rubuta jerin haruffan Hausa da hannuna, b sannan ɓ, d sannan ɗ, k sannan ƙ, na ba sorted ta hanyar key ya riƙa bi. Layi shida ne kacal, amma ban taɓa alfahari da wani abu da na rubuta kamarsu ba, domin babu inda na kwafo su.

Nema kuma wata rigima ce. Ni na rubuta Ɗanladi da lanƙwasa, yaron shago ya buga Danladi, kwamfuta ta ce babu mai wannan suna. Shawarar da na yi ta karantawa ita ce a yi amfani da unicodedata a cire ado daga haruffa, yadda é na Faransanci ke komawa e. A kan namu ba ta aiki, don a Unicode ƙ harafi ne guda mai zaman kansa, lanƙwasar ba ta ciruwa. Na yi ɗan teburi da maketrans mai mayar da ɓ zuwa b, ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ina ajiye sunan yadda yake, ina nema da wanda aka sassauta. Na saka ƴ ma a ciki, don 'yan uwanmu na Nijar haka suke rubuta abin da mu muke rubutawa 'y, kuma Yaya na da masu saye daga Maraɗi.

Yanzu ga ranar da na so in yi kuka. Mun yi mako uku muna shigar da bashi. Ina gyaran wani abu da dare, wuta ta dawo ina sauri kafin a sake ɗaukewa, sai na rubuta "w" inda ya kamata in rubuta "a" wurin buɗe fayil. Shi "a" ƙari yake yi a ƙasan abin da ke ciki. Shi kuwa "w" yana buɗe fayil yake share duk abin da ke ciki, ba tambaya ba sallama. Na duba fayil na ga layi ɗaya tal. Da safe na je shago jiki a sanyaye na faɗa wa Yaya. Bai yi faɗa ba. Ya jawo durowa ya fito da littafinsa, ashe duk makonnin nan bai daina rubutawa ba. Ya ce, "Shi wannan bai taɓa share kansa ba. Zauna ka kwafe." Na yi wuni guda ina kwafa.

Daga ranar na koyi Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen kod, wanda na daɗe ina ɗagawa da sunan sai na ƙware. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux mai dubban hannuwa, amma abin da ni nake buƙata umarni huɗu ne: init, add, commit, da log. Duk sanda abu ya yi aiki sai in adana shi a haka da 'yar magana da Hausa, in na ɓata in koma baya. Sai dai a kula, kod nake turawa GitHub, shafin ajiye kod a intanet, fayil ɗin bashi kuwa yana cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git ba ya ɗauka. Asirin wa ake bi nawa ba abin bazawa a intanet ba ne. Shi kwafinsa daban nake yi kullum a filashi, da kwanan wata a jikin sunan.

A wata na shida na bar CSV na koma SQLite, ƙaramin rumbun ajiye bayanai wanda ke zuwa tare da Python, ba sai an sauke komai ba. Nan ma Hausa ta koya mini darasi. Ina haɗa umarnin SQL, yaren da ake yi wa rumbun magana da shi, ta hanyar manna suna a tsakiyarsa, har na zo kan Sa'adu, sai ya ce akwai kuskure kusa da "adu". Alamar hamzar da ke tsakiyar sunan ita ce alamar rufe rubutu a SQL, don haka a wurinsa sunan ya ƙare a Sa. Asma'u da Isma'il duk haka. Gyaran shi ne a saka alamar tambaya a gurbin suna, a miƙa sunan daban. Daga baya na karanta cewa ta wannan ɓarakar ce ɓarayin intanet ke cusa umarni su kwashe bayanan mutane. Ni Sa'adu ne ya toshe mini ita.

Masu tambaya ta ko ina amfani da manhajojin hira masu rubuta kod, ina yi, amma na taɓa ƙonewa. Na taɓa cewa ɗaya ta rubuta mini shirin gaba ɗaya. Ta ba ni kusan layi ɗari biyu masu kyan gani, suka yi aiki kwana biyu, da suka tsaya ban san ko ta ina zan kama ba. Na goge na koma nawa mai ƙura. Yanzu saƙon kuskure nake kai mata ta yi mini bayani, kuma ba na saka layin da ba zan iya fassara wa ƙanena da Hausa ba. A ra'ayina wanda bai kai wata shida ba ya guji neman cikakken shiri daga wurinta.

Kayan aikina ba su da yawa. Da Thonny na fara, manhajar rubuta Python da aka yi a Jami'ar Tartu ta Estoniya don masu koyo, kuma har yanzu in madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki, ya rikita ni can nake komawa, don yana tafiya layi-layi yana nuna abin da ke cikin kowane mazubi, wato sunan da aka ajiye wani abu a cikinsa. Sauran aiki a VS Code. In babu wuta, Pydroid 3 a waya ya ishe ni gwada ƙananan abubuwa, ko da yake buga kod da babban yatsa azaba ce. Takardun bayanin Python kuma na sauke su gaba ɗaya daga shafinsu, ina karantawa ko data ta ƙare.

Wanda ya tambaye ni yaren da zai fara da shi, ni ma tambayarsa nake yi me yake so ya gina. Shafin intanet, ba makawa sai JavaScript, don shi burauza ke ji. Manhajar Android, Kotlin ko Flutter, in kwamfutarsa za ta ɗauka. Lissafi da fayiloli da irin aikina, Python. In ya ce bai sani ba tukuna, sai in ce ya leƙa gidansu ko wurin sana'arsu, zai samu wani littafi da ake wahala da shi, na adashi ko na kuɗin makarantar Islamiyya ko na awon ɗinki.

Abin da ya rage mini yanzu biyu ne. Shirin bai iya biyan rabi da kyau ba: in mutum ya kawo 2000 cikin bashin kaya uku, ban yanke shawarar wanne za a fara cirewa ba, Yaya kuma ya ce shi tsohon bashi yake fara sharewa, sai in mai shi ya ce ga wanda yake biya. Wannan "sai in" ɗin ne nake fama da shi tun makon jiya. Na biyu, yana so ya riƙa dubawa a wayarsa, abin da ke nufin haɗa shafin intanet da Flask da ɗan HTML, kuma JavaScript ɗin da na gudar wa a wata na biyu yana nan yana jirana. Ƙarshen watan da ya wuce mun zauna bayan Isha kamar kullum, jimillar kwamfuta da ta littafi suka bambanta da naira 1500. Muka bi layi-layi, sai ga shi a shafin littafi an tara wani kwalin taliya sau biyu. Yaya ya soke shi da biro, ya rubuta sabuwar jimilla, ya mayar da littafin cikin durowa ya kulle.