Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ƙusar da ta yini a takalmin Baba

Makon jiya na tsaya a inda na bar lakwal, wato makarantar boko, na dawo gida unguwar Birni ta Damagaram ina taya Inna aiki. To a hunturun shekarar nan ne ƙafar Baba ta zama aikina.

Baba baduku ne. A zauren gidanmu yake ɗinka fade da jakunkuna, ranar Alhamis ya kai kasuwar Dole. Ƙafarsa kuwa tun tasowata da faso na san ta. A Damagaram wa ya ɗauki faso ciwo? Iska ta busar da fata, ruwa ya yi wuya har na alwala sai an auna, dunduniya ta tsattsage kamar ƙasan tafki da bazara. Inna takan goge nata da dutse bayan wanka ta shafa man kaɗanya. Shi Baba in kaushin ya yi kauri, wuƙar aikinsa yake ɗauka ya fere. A idon sawunsa na hagu akwai tabon kurkunu da ya samo yana yaro a ƙauyensu na wajen Mirriya, zamanin da ake shan ruwan tafki ba tacewa. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar. Yakan ce wanda ya yi makonni yana nannaɗe tsutsa a tsinke, faso ba zai sa shi ƙara ba.

Wani dare bayan isha'i na kai masa tuwo, sai na ga jini ya bushe a tabarma. Na juya takalminsa: ƴar ƙusa ce ta ɓullo ta ciki, daidai dunduniya. Tun safe yake tafiya a kanta.

"Baba, ba ka ji ba?"

"Uwata, ai ƙafar nan ta yi watanni kamar auduga nake takawa. Da dare ne kawai take yi mini zafi kamar an zuba barkono."

Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Har yau in na tuna amsar nan sai zuciyata ta sosu, don mun ga yawan ƙishirwarsa, mun ga yadda yake tashi fitsari da dare, duk muka ce tsufa ne.

Kwana huɗu muna gasa wurin da ruwan zafi da gishiri. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Yaya ne ya tsaya kai da fata ya ɗora shi a kabu-kabu sai asibiti. Aka soki yatsansa, awon suga ya nuna kusan giram 3 a kowace litar jini. Likitar ta ce in mutum bai ci komai ba da safe, daga giram 1,26 zuwa sama, aka sake awo aka ga haka, ciwon suga ne. Ta ce sugan da ya daɗe a jini yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, yana kuma rage jinin da ke isa ƙafa. Shi ya sa ƙusa ta shiga bai sani ba, shi ya sa miki ya ƙi warkewa. Da ta ji zancen ruwan zafi ta dube ni ta ce, "Ƴata, ƙafar da ba ta ji, sai ki dafa ta mai ita bai ce uffan ba."

Allah ya taimaka ba a yanke komai ba. Sati bakwai muna zuwa wankin miki.

Daga nan kullum bayan magariba nakan zauna gabansa da fitila. In taɓa ruwan da gwiwar hannuna tukuna, in wanke, in tsane tsakanin yatsu sosai, don damshin alwala in ya zauna a nan shi ke kawo cin ruwa. Man kaɗanya a dunduniya da tafin ƙafa kawai, ban da tsakanin yatsu. Farce in yanke shi a miƙe, kada gefensa ya nutse cikin nama. Wuƙa da reza an hana su kusantar kaushi. Abin da ya fi ba mu wuya kaskon wuta ne: sanyin asuba ya sa ya miƙa ƙafa kusa da garwashi, ni kuma in janye kaskon, ransa ya ɓaci. Tafiya ba takalmi a tsakar gida ma sai da Inna ta sa baki ya daina.

Da mikin ya rufe, ya zaɓi fatar akuya mafi laushi ya ɗinka wa kansa takalmi rufaffe, mai faɗin baki, ba ƙusa ko ɗaya, ɗinkin duk ta waje. Kowace safiya sai ya kife shi ya kakkaɓe, ya zura hannu ya shafa ciki kafin ya sa. Wani dattijo a masallaci ya gani ya ce a yi masa irinsa, don shi ma ƙafarsa ta fara mutuwa. Ni Baba ya aika in auno ƙafar da igiya, kuma a gidan nan na fara ganin wanda zan aura. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.