Kilishi Ba Ya Jiran A Buɗe Hanya

Kilishi da tsire ne sana'ata, kuma a Yawunde, babban birnin Kamaru, nake yin ta, a unguwar Briqueterie da 'yan gari ke kira Birik. Gadonta na yi. Mahaifina ya gangaro daga arewa da wuƙaƙensa ya kafa tukuba a bakin titi, ni kuma da abin ya dawo hannuna na ƙara rumfa da wurin shanya, na ɗauki yara. Yau mu tara ne muke ci a wannan wuri, ban da iyalan da ke bayan kowannenmu.

Wanda bai taɓa yin kilishi ba yana ɗauka yaji ne sirrinsa. Yaji na da nasa, amma lokaci ya fi shi. Shanunmu daga Adamawa suke zuwa, da yawa ta jirgin ƙasa daga Ngaundare, a yanka su a kwatar Etoudi tun duhun asuba. Ni cinya nake saye, tsoka zalla. Idan nama ya iso rumfa kafin hantsi, masu yanka su zauna, kowa da katakonsa da siririyar wuƙa, su cire kitse da jijiya, su riƙa buɗe tsokar suna juya ta a hankali har ta zama falle guda mai faɗi. Gwani idan ya ɗaga fallensa kana iya hango hasken rana ta cikinsa, kuma babu huda ko ɗaya. Sai a shimfiɗa a kan gadon kara ya sha rana. Idan ya bushe a tsoma shi cikin labu, wato ƙuli-ƙuli da aka dama da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, sannan a kai shi kan wuta ya ɗan gasu. Rana biyu kake nema, ta farko kuwa ba a rama ta. Naman da ya rasa ranar safe, ko ka shanya shi da yamma, warinsa zai gaya maka.

A watan Maris abin ya fi tsanani, don a Yawunde tsakiyar watan ne ruwa ke fara dawowa. Ka tashi da rana tarwai, kafin la'asar hadari ya haɗo. Mai kilishi a wannan wata idonsa ɗaya na kan nama, ɗaya na sama.

To, a irin wannan lokaci ne Fafaroma Benedict na 16 ya zo mana, a shekarar 2009. Ya sauka a filin jirgin Nsimalen ran Talata 17 ga Maris, ya tashi zuwa Angola ran Juma'a 20 ga wata. Ba shi ne Fafaroma na farko da ya taka Kamaru ba, John Paul na 2 ya zo a 1985 ya kuma dawo a 1995, amma wancan karon ina yaro a ƙarƙashin mahaifina. Na 2009 ne ya same ni ina maigida, da albashin mutane a wuyana.

Tun kusan mako guda kafin zuwansa aka fara rushe tebura da ƙananan rumfuna a tsakiyar gari, wajen titin Kennedy da kewayensa, inda dubban mutane ke neman abinci. Ina da wani yaro da ke karɓar kilishi a wurina bashi, ya kai can ya sayar a kan ɗan akwatinsa mai gilashi, da daddare ya kawo kuɗi. Ranar ya dawo tun kafin azahar, riƙe da murfin akwatin kaɗai. Ya tsuguna ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, ban samu na kwashe komai ba." Hannunsa na rawa. Na ce ya tashi, na yafe kuɗin kayan. Akwatin ne ya fi damuna, domin wata huɗu ya yi yana tara kuɗin gilashinsa.

Ranar Laraba 18 ga wata ita ce ba na mantawa. Da safe Fafaroma ya je fadar shugaban ƙasa, wadda take a Etoudi, unguwa ɗaya da kwata. Daga nan ya wuce cocin Christ-Roi da ke Tsinga don ganawa da bishop-bishop, Tsinga kuwa maƙwabciyarmu ce. Ka ga ke nan duk hanyar da namana zai bi ita ce hanyar baƙo. Yarana biyu sun riga sun loda cinyoyi a bayan tasi sun kamo hanya, sai suka tarar da jandarma sun datse titi. Suka juya ta wata hanyar, can ma haka. Suka ce za su ɗauka a ka su tsallaka da ƙafa, aka ce ko tsinke ba ya wucewa. Suka tambayi yaushe za a buɗe, wanda ke tsaye a wurin ya ce shi ma umarni yake jira. Na yarda da shi, don na tabbata shi ma bai sani ba.

Nama bai iso ba sai bayan azahar. Da na ɗaga ledar na sa hannu, ya yi ɗumi, launinsa ya fara duhu. Masu yanka huɗu suna zaune tun safe sun wasa wuƙaƙe. Muka zaɓi wanda bai taɓu ba muka mayar tsire da balangu, muka sayar da araha a daren. Wanda na yi shakkarsa ban ba kowa ba, don mahaifina ya hore ni kada in sayar da abin da ba zan sa a bakin ɗana ba. Ranar na biya ma'aikata daga uwar kuɗi, kuma wani mai shago a Duwala da ke jiran kaya ran Juma'a bai samu ba.

Da daddare majalisar ƙofar rumfata ta cika, aka yi ta gardama har dare ya raba. Wani tela maƙwabcina, dattijo ne, shi ya tsaya kai da fata yana kare abin da aka yi. Ya ce min, "Alhaji, baƙonka annabinka. Mutumin nan shugaban miliyoyin jama'a ne. Ka manta an harbi wanda ya gada a 1981, a tsakiyar dandalin cocinsa a Rum? In wani abu ya same shi a garin nan, wa kake jin za a fara nuna wa yatsa in ba mu 'yan Birik ba?" Wannan magana ta shige ni, don gaskiya ce. Ya kuma tuna mana cewa shekara ɗaya kacal ke nan da tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairun 2008, wadda aka rasa rayuka a cikinta, saboda haka hankalin hukuma a tashe yake.

Samari kuwa ba su saurara masa ba. Ɗaya daga cikin yaran da suka yini a hanya ya ce, "Baba, to akwatin kilishi bindiga ce? Teburin mai sayar da waya bam ne?" Wani ya ce ba tsaro ba ne, kunyar talauci ake ji, ana so baƙo ya ga gari fes. Akwai wata mata 'yar Katolika da ta daɗe tana sayen tsire a wurina, tana tsaye tana jiran a naɗe mata, da zanen ziyarar mai hoton Fafaroma a jikinta. Na ɗauka za ta goyi bayan tela. Sai ta ce ƙanwarta ma an rushe mata teburin gyaɗa, kuma ita ba ta yarda Fafaroma ya san an yi haka da sunansa ba. Ta ce gobe za ta je addu'a a filin wasa na Ahmadu Ahijo da murnarta, amma zuciyarta na wurin ƙanwar. Ban taɓa jin majalisarmu ta yi tsit irin na wannan lokaci ba.

Washegari Alhamis da safe Fafaroma ya gana da wakilan Musulmin Kamaru kafin ya tafi filin wasa. Mun ji daɗin hakan a unguwa, ni ma na ji. Kwana biyu bayan nan sai labari ya zo daga Luwanda, babban birnin Angola, cewa 'yan mata biyu sun mutu a turmutsitsin shiga filin da zai gana da matasa. Tela ya zo har rumfa ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Tun daga ranar ban ƙara cewa jami'an tsaro sun yi yawa a taron jama'a ba. Taro in ya kai wani adadi, rashin masu tsare shi kisa ne.

Amma ni har yau ina rarrabe abu uku da aka cakuɗa wuri guda aka kira su tsaro. Tsare ran baƙo da ran masu tarbarsa wajibi ne, kuma in an ce in rufe rumfa kwana uku saboda haka, zan rufe ba tare da ƙorafi ba. Rufe hanya ma na yarda da shi, sai dai a faɗa. Ziyarar nan tun watanni aka san da ita, an san inda zai je da ƙarfe nawa. Da an aiko wa shugabannin mahauta da na 'yan kasuwa cewa ran Laraba daga ƙarfe kaza zuwa kaza titi kaza a rufe yake, da ban sayi ko kilo ɗaya ba ranar, ko kuma in tura yara tun ƙarfe huɗu na asuba. Masallacin unguwa kaɗai ya isa ya isar da wannan saƙo ga kowa bayan sallar isha'i. Na san za a ce ba a tona hanyar babban baƙo. To ba hanyarsa nake tambaya ba, awannin da zan kauce kawai nake so. Na ukun, rushe abin neman abincin mutum don idon baƙo, wannan kam ban samo masa hujja ba, ko a addinina ko a na matar nan mai zanen Fafaroma. Kuma da malaminmu ne na Musulunci za a tarba aka yi wa masu teburi haka, maganar da zan faɗa ke nan. Na sha ganin manyan shehunai sun zo unguwa, samarin agaji sun tare titi suna korar masu talla da sanda, kuma na yi musu magana ido da ido.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake lissafin irin wannan ziyara. Ana ƙirga motoci da jami'ai da tutoci, ba a ƙirga mai ƙosai da ta kwaɓa ƙullu tun dare, ko mai kura da ya yini bai ɗauki kaya ba. Babban kanti in ya rufe kwana ɗaya, kayansa na nan a kan kanta gobe. Mu kayanmu rai gare shi na awoyi kaɗan.

Bayan wannan shekara na sauya tsarin aiki. Na sayi firiza, ko da yake naman da ya daskare yana tsiyayar ruwa in ya saki, ya fi daɗewa a shanya, ga kuma ɗauke wuta. Na ƙulla da wani mahauci a kwata da direbobin tasi biyu, duk wanda ya ga an fara jera jami'ai a bakin titi sai ya bugo min waya. In na ji ana maganar babban baƙo a rediyo, nakan ninka aiki kwana uku kafin ranar, in tara busasshen falle, don shi yana jira, sai a yi masa labu daga baya. Yaron nan mai akwati kuwa na haɗa masa rabin kuɗin sabon gilashi, ya cika sauran. Yanzu yana da tukubarsa a wata unguwa da yara biyu, kuma a wurina yake sayen labu.