Talata: zaren ya ƙi juyowa

Tun ƙarfe bakwai na isa garejin Kawu a unguwar Zariya, don in riga rana. A zafin Afrilun Maraɗi, ƙaron ifoksi, wanda muke jiƙa zaren gilashi da shi don ya sandare, ba ya jiran kowa: in ka dama shi da azahar, kafin ka gama naɗi ya fara kauri a cikin kwano.

Injin namu, na naɗa zaren gilashi a jikin sanda don yin bututu, haɗin gida ne. Kawu ya yi waldar ƙafafunsa, ni na haɗa ƙananan motocin lantarki uku da allon Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai ɗauke da GRBL, manhajar da ke sarrafa motocin. Ɗaya na juya sandar da ake naɗi a kanta, ɗaya na kai keken zare gaba da baya, na ukun kuma, wanda muka ƙara makon jiya, yana murza idon da zaren gilashi ke fitowa, don ya kwanta shimfiɗe kada ya murɗe. Manyan masana'antu na da masu motsi huɗu har shida. Mu ukun ma sun ishe mu ciwon kai.

Bututun ruwa muke so, mai faɗin milimita 100. Ruwan da ke cikin bututu yana matsa shi ta kewaye ninki biyu na yadda yake jan sa ta tsawo, shi ya sa ake kwantar da zaren a kusurwar digiri 55 daga tsawon sanda, ko 54.7 in ana son ƙwaƙƙwafi. Na buga lissafi: kewayen sanda milimita 314 ne, ke nan duk juyi guda sai keke ya tafi milimita 220. Na rubuta layukan G-code, wato umarnin da injin ke bi, na tura daga kwamfuta.

Tafiyar farko kamar a mafarki. Zare ya jiƙe, yana ƙyalli, yana kwanciya a karkace. Da keke ya kai ƙarshe ya juyo, sai duk abin ya sulluɓe ya taru wuri guda kamar taliyar da ta dahu ta wuce.

Laifina ne. Na umarci keke ya juyo nan take, na manta zare mai santsin ƙaro ba ya bin umarni, gajeriyar hanya yake nema a jikin sanda. In ka karkatar da shi fiye da yadda zai iya riƙewa, zamewa zai yi. Na ƙara layin da zai tsayar da keke a kowane ƙarshe har sanda ta yi rabin juyi. Ya rage, bai daina ba.

Kawu dai yana zaune yana shan shayi, bai ce uffan ba sai da na ɓata kwano na biyu.

"Kai yaro, abin da ke zamewa ai turke ake kafa mishi."

"Wane irin turke kuma, Kawu?"

Ya tashi ya yanko zobba biyu na ƙarfe, ya jera musu ƙananan ƙusoshi kamar haƙoran matsefi, ya ɗaura a bakunan sandar. Zare ya zo, ya maƙale a ƙusa, ya juyo lafiya lau. Na ji haushi kaɗan, don na taɓa ganin masu yin bututu suna amfani da irin wannan zoben, amma kaina na can cikin lambobi.

Muna zagaye na goma sha ɗaya aka ɗauke wuta. Dole muka riƙa juya sandar da hannu, ni da yaron gareji, kusan awa guda, kada ƙaron ya tsiyaye ya taru a ƙasa. Har yanzu yatsuna na manne wa allon waya, rigata kuwa Inna ta ce kada in kuskura in shigo mata ɗaki da ita.