Ranar da 'yata ta ce "akuyoyi"

Daren Juma'ar da ta wuce ɗan ƙanwata ya shigo da kwamfuta a hammata, ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce, "Kawu, zan jingine karatu na shekara guda." Wai shi da abokansa biyu za su tattaro rubutun Hausa duk inda yake, su ɗura wa na'ura har ta soma tunani irin na mutum. Ya juyo mini allon, ya nuna hirarsa da ChatGPT. "Dubi yadda take zuba. Abin da ke magana haka ai saura ƙiris ya yi hankali."

Gabana ya faɗi, don na san ramin nan. Na kwana bakwai a cikinsa, kwanan shekara.

Ni ta wata ƙofar na faɗa. A zamaninmu ƙa'idoji ake yayi. Na ji cewa masanin harshe Noam Chomsky ya ce ana haihuwar yaro da shirin harshe a ƙwaƙwalwa, sai na ƙulla a raina cewa in na rubuta wa kwamfuta dokokin nahawun Hausa kaf, hankali zai biyo baya kamar jela. Jam'i kaɗai ya cinye mini shekara biyu. Gida gidaje, doki dawaki, sa shanu, kowace doka na kafa sai wata kalma ta zo ta ture ta. Ga garin tuwo ga garin Kano, rubutunmu bai raba su ba, tunda ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti. Na'urata kuwa ba ta taɓa jin yunwa ba balle ta san wanne ake tuƙawa.

Da na leƙa tarihi da na huta. A 1954 jami'ar Georgetown da kamfanin IBM sun sa na'ura ta fassara jimlolin Rashanci sittin da 'yan kai, suka ce nan da shekara uku zuwa biyar an gama da matsalar. A 1966 kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa ya ce babu abin kirki, aka toshe bakin aljihu. A shekarar ce kuma Joseph Weizenbaum ya fito da ELIZA, manhajar hira wadda ba ta yin komai sai juya wa mutum maganarsa, amma sakatariyarsa ta ce ya ba su wuri za ta gana da ita. Ciwon ɗan ƙanwata ke nan, ya girmi uwarsa.

Ba na cewa wauta zalla na yi. Wa zai faɗa mini? Intanet ma a shagon haya muke shiga, ana lissafa mana minti. Kuma manyan masana da kuɗin gwamnati sun faɗa ramin kafin ni. To amma akwai abin da ba ni da uzuri a kansa.

A shekarun nan 'yata ta fari take koyon magana. Wata safiya ina kan tabarma ina fama da jam'i, ta ja mini riga, ta miƙa yatsa tsakar gida, ta dubi fuskata ta ce, "Baba, akuyoyi!" Ko kai ban ɗaga sosai ba na ce, "Awaki ake cewa." Babu mahaluƙin da ya taɓa cewa akuyoyi a gabanta. Ta ji ƙofa ƙofofi, taga tagogi, ta ciro dokar da kanta, ta ɗora wa dabbar da ke cinye mata ƙosai. Abin da Jean Berko ta gwada ke nan a 1958, da ta ba yaran Amurka kalmar ƙarya suka yi mata jam'i. Kuma kafin kalmar ta fito, sai da yarinyar ta nuna, ta tabbatar idona da nata suna kan abu ɗaya. Amsar da nake nema ta zo ta ja mini riga, na yi mata gyaran nahawu.

Daga baya na karanta aikin Patricia Kuhl na 2003: jarirai 'yan wata tara da aka zaunar da su da mai jin Sinanci sun kama sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ba su kama ba. Yaro kan kai shekara 13 bai ji kalma ta wuce wajen miliyan 100 ba. GPT-3 na 2020, magabacin ChatGPT, sai da ya haɗiye gutsattsarin kalmomi kusan biliyan 300. Masanin lissafi Alan Turing tun 1950 ya ce a ƙera ƙwaƙwalwar yaro a rene ta, maimakon ta babba. Har yau reno ne ba a iya ba.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: hanyar ɗura ta kayar da tawa. Na'urorin yau sun san awaki. Watakila tsufa ke sa ni ƙorafi. Sai dai akwai masu ciwon shanyewar jiki da magana ta ƙwace musu, amma suna lissafi daidai, suna buga dara. In hankali na zama ba magana, me zai hana magana ta zauna ba hankali?

Na shirya masa shawara goma, biyu suka fito. Kada ka bar makaranta. Sannan ka je ka zauna da ɗan shekara biyu na sati guda, ba waya a hannu. Na san ba za ku iya ba, ku da ko gaisuwa sai kuna latse-latse, komai kuna so ya nuna kafin a hura wuta. Rubutun Hausa kuma ku tattara, muna bukatarsa ƙwarai, ni ma zan ba ku nawa. In ta kama ma ka ɗauki shekarar, mu da muka yi biyayya me muka ƙera? A'a, kada ka ɗauka. Uwarka za ta ce ni na zuga ka.

Ya ce, "To, Kawu." Na san irin wannan "to" ɗin, da ita na sallami malamina. Sai ya tambaye ni ko akwai inda zai sa caji.