Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hammar da ba ta barci ba

A makon jiya na tsaya a inda muka tare a sabon gidanmu na Jekadafari, ƙarshen Nuwamba, hunturu ya fara busawa, hazo ya rufe Gombe. To a ɗakin nan abin ya soma.

Ba tari nake yi ba, ƙirjina ma ba ya ciwo. Numfashin ne ba ya kai ƙasa. In ja iska, in ji ta tsaya mini a wuya, sai hamma ta taso. Idan ta cika in sami sa'ida ta ɗan lokaci, idan ta katse a rabi sai in sake wage baki ina nemanta. Ranar nan ina tankaɗe na ƙirga hamma 23 kafin in gama kwano guda.

Goggo, mahaifiyar maigida, ta ce, "Ke 'yar nan, sa hannu ki rufe bakin nan, hamma ta Shaiɗan ce." Hadisi ne, ban musa ba, na riƙa rufewa. Yayata ta ce ciki ne. Maƙwabciya ta ce iska ce, ta aiko mini da rubutu. Na sha, na haɗa da zuma da habbatus sauda.

Sai da na kwana uku a zaune maigida ya kai ni asibiti. Likita ya maƙala mini wata 'yar na'ura mai auna iskar da ke cikin jini a yatsa, ta nuna 98, wato lafiya lau. Aka auna jini, bai yi ƙasa ba, hoton ƙirji ma fes. Wallahi haushi na ji, don na so a ga wani abu a daina yi mini kallon mai raki. Shi dai bai yi mini wannan kallon ba. Ya ce, "Hajiya, fuka takan ɓuya da rana ta fito da dare. Tsoro kuma yana ƙara mata ƙarfi. Mutum ya firgita sai ya riƙa numfashi sama-sama da sauri, yana yi yana ƙara jin iskar ba ta ishe shi ba, daga nan hammar ke zuwa." Ya koya mini shaƙa ta hanci a hankali har ciki ya taso, in fitar ta baki kamar mai hura koko. Ya rubuta mini Ventolin, abin shaƙar nan shuɗi, ya ce in sami littafi in riƙa rubuta lokacin da abin ya taso da abin da ke kusa da ni.

Da na fara rubutun, buhunan wake da gero da maigida ke kawowa daga Tudun Hatsi ya jibge a falo na ɗora wa laifi. Dama ina jin haushinsu, ƙaiƙayi ko'ina. Ya kwashe su ba musu. Muka daina kunna maganin sauro muka koma gidan sauro, aka naɗe kafet aka fitar. Na ɗan ji dama, amma littafin bai daina cika ba, kuma kusan kullum bayan Magariba.

Sai suna ya kai ni Kumo, kwana uku. Can ma hazon ne, ga ƙurar hanya, amma hamma sai ta barci. Daren da na dawo na share ɗaki, na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wutana mai hawi da sandal, wanda na soya da hannuna. Hayaƙin bai gama zagaye labule ba na ji wuyana ya shaƙe. Na tsaya da kaskon a hannu har ya fara ƙona ni.

Masu bin labarin nan tun farko sun san abin da turaren wuta yake a wurina. Sana'ar da na koya wurin wata Babarbariya ce, da ita na yi wa kaina kayan ɗaki, da ita nake zubin adashi. A wannan makon ma akwai kwalabe 12 na wata amarya da na riga na karɓi rabin kuɗinsu.

Na kai kaskon tsakar gida na kife, na ɗauko littafin. Abin da na rubuta a daren nan, "kyankyaso". Yadda maigida ya gano ƙaryar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.